Mai Gadin Baƙin Taɓo

Duk wanda ya taɓa sarin karas a Farin Gada ya san Malam Zainulabideen. Mu Baba Zainu muke ce masa. Gajere ne, ga faɗa kamar zakara, ga taurin kan da matarsa Hasiya ta daɗe da sallama masa. Shekara da shekaru ina sayen kaya a hannunsa, ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba.

Lambunsa yana bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. A ramin mahaifinsa ya yi leburanci, da haƙa ta mutu sai ya share gefe ya fara shuka. Shi ya koya wa ɗansa dabarar gidan: idan rani ya yi, ruwa ya ja baya, a shiga har gwiwa a kwaso baƙin taɓon ƙasan ramin, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, a baza a kunyoyi. Baba Zainu bai da abin alfaharin da ya wuce taɓon nan.

A ranin 2006 magana ta bazu cewa ramukan kuza suna ɗauke da wata gubar da ba a gani, ba a jin ɗanɗanonta, sai dai ta ci jiki a hankali. A kasuwa Baba Zainu ya yi ta masifa wai hassada ce. Amma Hasiya ta tsegunta mini cewa ya hana jikarsa Ummusalma, 'yar shekara biyar, cin ko ganye ɗaya daga lambun. Yarinya ta yi kuka har ta gaji. Wallahi ya ba ni tausayi, mutum yana musu da baki, zuciyarsa ta riga ta tsorata.

Ana haka sai ga Nneoma, 'yar Anene mai shagon kayan gini. Da karas ɗin Baba Zainu ta girma, yanzu kuma tana jami'a tana nazarin ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa. Ta ɗebi ruwa da taɓo da ƙasar kunyoyi a kwalabe, shi kuwa yana tsaye yana harararta. Ina wajen ranar da ta dawo da sakamako.

"Baba, ruwan saman ramin bai da laifi," in ji ta. "Wahala yana cikin taɓo. Akwai ƙananan halittu a ciki, inda babu iska suke zama. Su suke kama guban su ɗaure shi a ƙasa."

"Halittu? A taɓona?"

"Su ne ma suke wannan wari. A ƙasashe masu tashar nukiliya akwai wani mugun ƙarfe, teknishiyam, ruwa yana narka shi kamar gishiri ya tafi da shi, amma irinsu suna tsayar da shi. Naka ba shi ba ne, yuraniyam ne kaɗan, shi ma haka suke masa. In ka kwaso taɓo ka baza a rana, iska ya shiga, ka kwance abin da suka ɗaure."

Ya daɗe yana kallon ramin. "Wato ni da ubana muke sakin gubar, 'yar nan?"

"Ba ku sani ba, Baba."

Na ce a raina yau za a kore ta da fartanya. Sai kawai ya tambaye ta me ya rage masa. Ta nuna kunyoyin gindi, waɗanda suka fi shan taɓo, ta ce kada a sake shuka abin ci a nan. Na kan tudu kuwa, da bai cika kai musu taɓo ba saboda ciwon baya, lafiyarsu ƙalau.

Ya zuba wa na tudun kashin kaji. Na gindin ya dasa furen wardi, shi da a da yake cewa fure abincin ido ne, ido kuma ba ya da ciki. Yanzu masu biki daga Anguwan Rukuba har layi suke yi. Taurin kan nan kuma ya koma kan gadi: duk wanda ya doshi ramin da shebur sai ya ji ihu, "Kai! Bar bayin Allah su yi aikinsu!" Har maƙwabtan lambunsa sai da ya addabe su suka daina kwasa.

Da sabon karas ya nuna, Nneoma ta auna, ta ce ba komai. Bai aiko mana da ko ɗaya kasuwa ba. Gida ya je da kansa ya riƙo hannun Ummusalma har lambu. Ya tuge mafi girma, ya wanke, ya goge da bakin rigarsa. Ya miƙa mata.

"Ci," ya ce. "Ci duka, akwai wani."