Yadda Na Je Abuja da Wuya a Sanƙare, Aka Ce Min “Ba Aiki”

Litinin: Zariya zuwa Karu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fita daga gida, jaka a hannun hagu, don na dama ya daina jin magana. Shekara talatin ina ɗinkin hannu na manyan riguna, kai a sunkuye, sai bana wuyan ya ce ya gaji. Ciwo ya sauko ta kafaɗa har babban yatsa da manuniya, allura ta riƙa suɓuce min. Maganin shafawa kuwa babu irin wanda maiɗakina Binta ba ta murza min ba. Ƙanwata Rabi, mai aiki a wata ma'aikata a Abuja, ita ta matsa in zo in ga likitan jijiya. Tsorona ɗaya ne, kada a raba ni da allura.

Motarmu ta tashi shida da kwata. Bakwai da rabi muna Kaduna, kowane rami direba ya faɗa sai na ji shi a ƙeya. A shingen Jere wani ɗan sanda ya leƙo ta taga ya gaishe ni, na juyo da jikina gaba ɗaya kamar buhun masara.

Ya ce, “Baba, faɗa kuke da wuyan ne?”

Na ce, “Shi za ni kai ƙara Abuja.”

Muka bi ta Bwari, inda na ci doya da ƙwai a tsaye. Sha biyu saura na isa gidan Rabi a Karu. Tana ganina ta ce, “Yaya, haka ka koma? Kamar an sa maka sitati!”

Talata: Asibiti

Takwas daidai Rabi ta ajiye ni a asibiti ta wuce ofis. Aka cusa ni cikin wani injin ɗaukar hoto mai ƙara kamar na niƙa, na karanta duk addu'ar da na sani. Bayan azahar na ga likita, mace ce mai fara'a, Hausarta irin ta kasuwa. Ta buga min ƙaramar guduma a gwiwar hannu, ta sa na matse yatsunta, ta sa na yi tafiya a kan layi. Sannan ta nuna hoton.

“Baba, ƙashi ya danne jijiya a nan. Amma ba aiki, ka ji? Yanzu dai ba aiki.”

Abin da ta faɗa bayan nan ban ji ko ɗaya ba. Na karɓi takarda na fito, na zauna ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, wallahi sai da na yi ƙwalla. Na kira Binta na ce, “Likita ta ce ba aiki.”

Sai na ji guɗa ta cika min kunne.

Na ce, “Binta, an raba ni da sana'ata kina guɗa?”

Ta ce, “Malam, wace sana'a kuma? Aikin wuƙa take nufi! Ba za a yanka ka ba!”

Ni dai tun tasowata aiki ɗaya na sani.

Laraba: Komawa

Rabi ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ɗauki hutun rabin yini ta raka ni. Likita ma da ta ji labari sai da ta cire tabarau ta share ido. Ta sake bayani, Rabi na gyara mata Hausa. Yawancin irin ciwona, in ji ta, magani da gashin ƙashi da motsa wuya suna kwantar da shi. Ba a hanzarin tiyata sai in hannu na ƙara rauni, ko sa maɓalli ya gagara, ko ƙafa ta fara harɗewa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. In na ga ɗaya, kada in jira. Haka in an yi makonni ana gashi ciwo bai sassauta ba, za a sake zama.

Na ce, “Ranki ya daɗe, ɗinkin fa?”

Ta ce, “Yi ɗinkinka, Baba. Amma riga ya hau tebur, kai ya daina sauka wurin riga.”

Alhamis: Gida

Bakwai na safe muka tashi, wannan karon ta Zuba, na sami kujerar gaba. Ɗaya da rabi na shiga gida. Yatsun nan biyu har yanzu a mace suke, kuma bayan mako shida zan koma, ban san hukuncin ranar ba. Na gode wa Allah, na gode wa Rabi da likitar nan, har da Binta da ta fi ni jin Hausa.

Ko ruwa ban gama sha ba na ga Binta ta jawo teburin da take jera kwanoni, ta goge, ta shimfiɗa wata farar shadda da na bari rabi. Na zauna a kujera, kai a miƙe kamar akawu. Sai a karo na huɗu zare ya shiga allura, amma ya shiga.