Wutar Gidan Alhaji

Ni dai a Greensboro ta jihar Carolina ba ni da abin tinƙaho sai sanin sama. Wasu gidaje gare su, wasu manyan motocin dakon kaya, wasu 'ya'ya likitoci. Ni kwali nake ɗagawa a wani gidan ajiyar kaya da ke bayan titin Wendover. Amma in aka zauna hira bayan isha'i, wani ya ɗaga kai sama, to wajena ake juyowa. Kakata ce ta koya mini a tsakar gida, can ƙauyenmu: ga kaza da 'ya'yanta, ga zara matar wata, ga gamzaki mai fitowa da asuba. Har “Malam mai taurari” ake ce mini. Ina yi kamar ban damu ba, alhali sunan yana mini daɗi har cikin ɓargo.

Abin haushin, a inda nake haya ba a ganin komai. Fitilun kantuna da na filayen ajiye motoci sun cinye saman ƙurmus. In kana son duhu na gaske, sai ka fita bayan gari ka je Summerfield, gidan Alhaji. Alhajin nan ɗan zangon Kumasi ne, mutumin kirki mai sakin hannu, kuma kirkin nasa ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai, don ba ya ba ka dalilin jin haushinsa. Allah ya ba shi fili makeke, maƙwabcinsa dawakai yake kiwo, sama a buɗe tun daga gabas har yamma. Shi kuwa nama kawai yake gasawa a ƙarƙashinta. Ya taɓa nuna mini jirgin sama ya ce wane tauraro ne wancan mai sauri.

Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba: hasken nan kore da ja da aka ce yana rawa a sama can ƙuryar arewacin duniya. Kakata ba ta san shi ba, kuma ban taɓa jin sunansa da Hausa ba. Sai na ƙudura zan je in gan shi da idona, in dawo in raɗa masa suna, sunan ya bi bakin mutanenmu. Na ɗauki hutu, na yanki tikitin Alaska. Kafin in tafi babu wanda ban gaya wa ba, har waɗanda ba su tambaye ni ba.

Sai dai ni sanyi ba abokina ba ne. Na Carolina ma safa biyu nake saka masa. Don haka na yi lissafi irin namu: a bari sanyi ya wuce, a je a watan Mayu, ai sama ba inda za ta. A garinmu dare dare ne, da rani da damina, da an sallame magariba duhu ya sauko. Bai taɓa zo mini a rai ba cewa akwai ƙasar da dare ke tafiya hutu.

Na sauka garin Fairbanks na Alaska cikin yayyafi da wata iska mai shiga haƙori. Ƙanƙara tana narkewa, ko'ina caɓi. Hadari ya rufe gari ruf, irin hadarin da ba ya tsawa, ba ya zuba sosai, ba ya kuma tafiya. Na yi alwala na zauna jiran magariba har alwalar ta karye, na sake wata. Da ranar ta ga dama ta faɗi, sai ta maƙale a bayan duwatsu. Jan nan na bayan magariba, wanda sai ya ɓace ake isha'i, ya ƙi ɓacewa har gari ya sake wayewa. Da agogon waya na riƙa salla, zuciyata ba ta kwanta ba. Matar da ke kula da masaukin ta dube ni da tausayi, ta ce masu neman hasken da sanyi suke zuwa, yanzu ko yana nan ba za a gan shi ba. Na ce mata na gode, a raina na ce ita ta sani.

Ranar Juma'a hadarin ya yaye. Na hau wani tudu a bayan gari tun da yamma, na zauna a cikin motar haya ina jiran duhu. Rana tana haska mini fuska kamar hantsi lokacin da wayata ta fara ruri. Matata ce, ta bidiyo. A wajensu dare ya riga ya yi, suna gidan Alhaji wajen gashin naman da ya saba yi wa jama'a.

“Malam, ka gani kuwa?” in ji ta. Ta juya wayar sama.

Sama ta yi ja jawur a kan rufin Alhaji, da wasu ginshiƙai na haske a tsaye, gindinsu kore. Ina jin yara suna ihu da Turanci, wata tsohuwa tana salati. Hasken ya baro arewa, ya tsallake ni, ya je har Carolina inda ba ya zuwa sai jefi-jefi, ya tsaya a kan tukubar mutumin da bai san jirgi da tauraro ba.

Alhaji ya karɓi wayar, da cokalin juya nama a hannunsa, ya sako Hausarsa ta zango. “Malam, sannu da sanyi. Chale, sama ya kama wuta a nan, ya yi kyau paa. Da farko mun ɗauka fire ne a gidan maƙwabci. Naka na can ya fi namu girma, ko?”

Na ce masa network ba kyau, na kashe wayar. Hassada ce zalla ta kama ni, ba zan canja mata suna ba. Na zauna a tudun nan har tsakar dare, sama ta yi fari-fari kamar tsohon zane da ya sha wanki. Taurari biyu ko uku na iya tsinta, su ma da ƙyar.

Da na dawo, na tarar an riga an yi suna ba da ni ba. A ƙofar masallaci, a wajen biki, a waya da mutanen gida, kowa “wutar gidan Alhaji” yake cewa. Matata ma haka take faɗa, ko a jikinta. Alhaji ya ba da labarin har ya goge, yanzu ma in aka ɗaga kai sama shi ake fara kallo, yana nuna daidai inda jan ya tsaya da cokalinsa.

Wata Juma'a bayan an sauko, wani dattijo da nake jin nauyinsa ya riƙe hannuna a gaban mutane, Alhaji yana tsaye a gefe yana murmushinsa na kirki.

“Malam mai taurari,” in ji dattijon, “kai da ka je har tushenta, yaya wutar gidan Alhaji take a can?”

Na buɗe baki in gyara masa sunan, sai na ga ba ni da wani da zan ba shi.

“Baba,” na ce, “ban gan ta ba. Sai dai ku tambayi Alhaji.”