Ruwan Gwaji na Goggo Hari

Wata safiyar Asabar ce a ƙarshen Afrilun 1976, shekarar da aka mayar da Gombe ƙarƙashin sabuwar jihar Bauchi. Ina tsaye a bakin zauren gidanmu da muke ba da haya a unguwar Jekadafari, riƙe da jirgin da na sassaƙa da karan dawa, na kafa masa gashin zabo ya zama tuta. Sama fes take, babu ko ɓurɓushin gajimare, amma bokitai da garewani sun jeru a gabanmu cike da ruwan rijiya, rana tana rawa a cikinsu. Goggo Hari, yayar mahaifina, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta dubi yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ku zuba." Muka tuntsurar da su gaba ɗaya, ni kuma na durƙusa na ɗora jirgina a kan ruwan.

Wannan shi muke kira ruwan gwaji. Gidan gado ne, na Goggo da mahaifina, ɗakuna a jere hagu da dama, ƙasarsa ta gangara daga zaure zuwa katangar baya, inda rariya take fitar da ruwa zuwa kwari. Mu a unguwar Kumbiya-Kumbiya muke zaune, amma duk shekara, da zarar zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a inuwa, sai Goggo ta kwashe mu zuwa can a yi wa gida shirin damina. Ita ba ta yarda da ido ba. Sai an zuba ruwa, ta bi jirgin kara a baya tana tafiya a hankali kamar mai rakiyar baƙo. Inda ya tsaya ta sa a rage tudu, inda ya yi ta juyi ta sa a cike da burji. Takan ce, "Ruwa ba ya ƙarya. Ka tambaye shi da rani, kada ya ba ka amsa da damina."

A wurinmu ranar biki ce. Samari sukan hau kan kwano su danne shi da duwatsu da tsofaffin tayoyi, su ɗaure katako da waya saboda iskar farkon ruwa. A sare reshen bishiyar dogon yaro da ya leƙo kan ɗakuna, mu ja shi muna wasan doki. Mata su yi wa gindin katanga sabon yaɓe, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gida tun ruwa bai sauka ba. Aikina ne in cika tsohon bokiti da yashi in ajiye a bakin madafa, domin a lokacin risho ya fara yawa, Goggo kuwa tana tsoron kananzir fiye da maciji. Akwai kuma ƙofar baya da ba a buɗewa. Ranar Goggo takan ɗiga mata man gyaɗa har ta daina kuka, ta mayar da mabuɗin kan ƙusarsa, can ƙasa-ƙasa, yadda ko yaro zai iya kai hannu in wuta ta tashi.

Amma a shekarar akwai sabon abu. Kuɗi sun shigo gari, ma'aikata suna ta zuwa da babura da rediyo, kowa yana neman ɗaki mai tsafta. Mahaifina ya sa aka shafe tsakar gidan kaf da siminti, sumul kamar faranti. Yakan kawo abokansa su gani, ya buga ƙafa a kai yana murmushi. Mu ma mun so shi, don ba a taɓa samun filin carafke irinsa ba.

Da can ƙasar tsakar gida takan shanye rabin ruwan gwaji, jirgi ya tafi yana rangaji kamar mai jin barci. Ranar kuwa babu abin da ya sha ko ɗigo. Ruwan ya haɗu wuri ɗaya ya zura da gudu, jirgina yana gaba, gashin zabon yana kaɗawa. Bai ko kalli rariya ba. Ya karkata hagu, ya haye dokin ƙofar ɗakin ƙarshe, ya shige ƙarƙashin labule.

Ɗakin Malam Yohanna ne, mutumin Kaltungo, ma'aikacin jirgin ƙasa. Matarsa Ladi tana ciki tana jego, jaririnta ko mako bai cika ba. Bangon ɗakin na baya kuma ginin ƙasa ne, irin wanda in ruwa ya kwanta a gindinsa yakan zauna ba sallama. Malam Yohanna ya fito riƙe da jirgin yana ɗiga, ya ce wa mahaifina, "Alhaji, in fasinja wannan ya zo ɗauka, a gaya masa ɗana bai yanki tikiti ba." Aka yi dariya, ban da Goggo.

Ta dubi mahaifina ta ce, "Usmanu, ka gani."

Ya ce wa yayar tasa, "Adda, simintin nan ko wata bai yi ba. A jera buhunan yashi a ƙofar mana."

"Bokiti nawa muka zuba? Na sama ba da bokiti yake zuwa ba." Ta nuna labulen da haɓa. "Ba ɗaki ka ba su haya ba, barci ka ba su."

Mahaifina ya daɗe yana kallon daɓensa. Ina iya tuna yadda rana take ƙyalli a jiƙaƙƙen simintin, da kukan jaririn siriri daga ciki. Daga nan ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa mini, ya aika aka aro diga. Bai bar kowa ya yi saran farko ba. Shi da Malam Yohanna suka yi ta karɓa-karɓa, suka tsaga hanya tun daga tsakiyar gida, ta kauce wa ɗakin, ta miƙe zuwa rariya, ita ma aka faɗaɗa bakinta. Tsagar ta fito a karkace, mummuna, kamar tabo a fuskar amarya. Daga ranar bai ƙara kawo kowa kallon siminti ba.

Ba a jima ba hadari ya haɗo daga gabas wata la'asar, muna gidan mun kai wa Ladi kunun kanwa. Gari ya yi duhu, iska ta taso, kwano ya yi ta ƙoƙarin tashi duwatsu suna riƙe da shi. Sai ruwa ya kece. Na fice a guje na ɗora jirgina, Goggo tana kira ina yi kamar ban ji ba. Tsagar ta cika ta zama ɗan kogi ja. Jirgin ya bi ta, ya zo daidai ɗakin ƙarshe, ya ɗan yi jim kamar zai gaisa, sannan ya juya ya wuce ta rariya, ya tafi kwari. Ladi tana zaune a bakin ƙofa tana shayar da ɗanta, ruwa yana wucewa taki ɗaya daga ƙafarta, tabarmarta a bushe. Ban sake ganin jirgin ba, na daɗe kuma ina zaton yana can yana tafiya.

Yanzu gidan ya bar hannunmu, ya zama bene, an shimfiɗa masa tayil har bakin titi, mai shi ma ba a garin yake ba. Magudanar gabansa cike take da leda, kwarin baya ya ci gidajen da na sani. Goggo da mahaifina sun riga mu gidan gaskiya. Bara da na bi ta wajen, na tarar da masu haya suna kwashe ruwa daga ɗaki da tasa, babu wanda ya tambayi ruwan tun da rani. Ni kuwa har yau, in na ji ƙamshin ruwan farko, hannuna yakan nemi kara.