Sunan da Na Yi Rowarsa

Tun ina makarantar kwana nake da sunan da zan sa wa 'yata. A bakin wata malamarmu na tsince shi, ya yi mini daɗi, na adana shi kamar yadda mata ke ɓoye turmin atamfa a ƙasan akwati. A lokacin ban san kowa mai irinsa ba.

Aka yi mini aure muka tare a Mararaba, kullum ni da maigidana muna cikin cunkoson motoci zuwa aiki a Abuja. Haihuwa ta yi shiru. Shekara na bin shekara, ni dai ina riƙe da sunan, shi nake ambata in na ɗaga hannu ina roƙon Allah. Wata rana abokiyar aikina mai tsohon ciki ta nemi shawarata a ofis, bakina ya suɓuce na faɗa mata. Ranar suna na je da kayan barka, sai na ji da shi ake kiran jaririyar. Na yi murmushi, na ci shinkafata, na dawo gida na sha kuka.

Ba zan ɗora mata laifin abin da ya biyo baya ba, lokacin sunan ne ya yi. Kafin ka ce kwabo ya zama ruwan dare. Ga shi a jikin kek, ga shi a allon shagon ɗinki, ga shi a bayan Keke. Har maƙwabciyata, wata Kirista mai sayar da doya, ta raɗa wa autarta. Da ta ga fuskata ta canja sai ta ce, "Madam, sunan ya yi mini daɗi ne, shi ya sa na ba shi. Akwai wahala?" Na ce babu, alhali haushi kamar ya kashe ni.

Da Allah ya kawo rabo, likita ta ce mace ce. Wata ranar awo ina zaune kusa da layin rigakafi, nas ta kira sunan, sai ga mata sun miƙe rututu, kowa da goyonta. A nan na ce na haƙura. Bayan duk jiran da na yi, ba zan haifi 'yar da za a riƙa tambayar "wacce daga ciki?" ba. Maigidana ya yi dariya ya ce, "Ni huɗuba ce tawa, zaɓi na bar miki tun tuni."

Da watan haihuwa ya kama, Inna ta zo daga gida don ta zauna da ni. Ni ce 'yar farinta, ita kuma irin matan da ce, masu kunyar ɗan fari: tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Daga "ke" sai "waccan yarinyar". Ta same ni ina ta latsa waya ina neman sunan da ba a taɓa ji ba, na zayyana mata damuwata.

"Suna atamfa ne, da za ki ce an yi miki anko?" in ji ta. "Kuma 'yar fari ce, wa ya ce miki ma za ki riƙa kiran sa?"

Na ce, "Inna, wannan kunyar ta zamaninku ce. Nan Abuja ne."

Ta ci gaba da ninke kayan jarirai. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da aka haife ki, ni na aika aka roƙi babanki ya sa miki sunan da ya fi cika unguwarmu. Na san ba zan iya faɗa ba. Na ce bari dai in riƙa jin sa a bakin mutane, safe da yamma."

Duk tsawon rayuwata ina zaton an ba ni suna gama-gari ne don ba wanda ya tsaya ya yi tunani a kaina. Na ji kunya, na kuma ji son matar nan ya cika mini ƙirji.

Ranar da na haihu, maigidana ya ɗauki yarinyar ya dube ni. Na gyaɗa masa kai, ya gane, ya yi mata huɗuba da sunan nan dai.

Cika bakin da na yi wa Inna kuwa bai je ko'ina ba. Ranar suna na buɗe baki zan kira 'yata, harshena ya yi nauyi, na ji kaina ina cewa "ke". Inna tana gefe, ta yi kamar ba ta ji ba.

Yanzu da yamma in maƙwabciyata ta leƙo tana ƙwala wa autarta kira, nakan ajiye abin da ke hannuna in saurara. Wani lokaci har fata nake yarinyar ta yi kunnen ƙashi, don a sake kira. Ga shi ko a takardar nan na kasa rubuta shi.