Kwabon Cibiya

Mu biyar ne a tsakar gida ranar. Ni, da autana wanda nake zaune a gidansa a Gashua, da matarsa tana tsintar shinkafa, da jikata mai karatun jami'a, sai ƙanin matar autan, mai sana'ar tsohon ƙarfe. Shi ne mai na'urar nan, wata sanda mai faifai a gindi, ana kewayawa da ita a kan ƙasa, in ta ji ƙarfe sai ta yi kuka. Tun ranar da na fara ganinta ban so ta ba. Abin da ƙasa ta rufe, ban ga dalilin tone shi ba.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye gwangwanin madara a gabana.

"Hajiya, tsaraba na kawo miki daga kufan ƙauyenku na bayan Nguru, inda ruwa ya tashe ku. Yanzu gona ce. Mai ita ya bar ni na zagaya kafin ya yi huɗa."

Ya zazzage a kan tabarma. Tsofaffin kuɗi ne, sun yi kore, wasu sun manne da juna, ƙasa ta cinye rubutunsu. Jikata ta jiƙa tsamiya, ta zuba su, ta kama gurza da toka tana duba waya, wai za ta gano zamanin kowanne. Ta daɗe tana fama.

Na ce, "Ke, miƙo nan. Wayar taki ta taɓa zuwa kasuwa da su?"

"Kaka, ke da ba ki iya karanta ko baƙi ɗaya ba?"

"Da karatu muke sayen gishiri, ja'ira?"

Aka yi dariya. Na riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya ina murzawa da yatsa. Wannan ƙaramin mai huji anini ne. Wannan ɗari, rabin kwabo. Wannan mai kusurwa-kusurwa taro ne, ko a makance na san shi. Sisi, sule. Jikata tana rubutawa a takarda, autana yana cewa ashe Inna banki ce ba mu sani ba.

Sai na ga ɗaya a gefen tabarma, an ware shi.

"Wancan fa?"

Mai na'urar ya ce, "Ya lalace, Hajiya. Ya lotsa, ga wani huji a bakinsa. Fartanya ce ta sare shi."

Na ɗauka. Ba fartanya ba ce. Fartanya ba ta lotsa kwabo ya zama kamar ɗan marfi, ba ta goge masa baki ya yi santsi. Maƙerin ƙauyenmu ne ya yi, surukuwata tana tsaye a kansa. Huji na biyun, ban da na tsakiya, don zare ne.

Ɗana na fari namiji ne, an haife shi da cibiya mai tasowa. A lokacinmu kwabo ake ɗaura wa yaro a kai da ƙyalle, ta koma. Kullum bayan wanka surukuwata ce ke ɗaura masa. Ni ba na taɓa shi a gaban mutane sai in za a ba shi nono, shi ma fuskata a bango. Ɗan fari ne. Ba a kallonsa, ba a yi masa wasa, ba a kama sunansa. Haka na tarar, haka na yi, kuma na fi kowa iyawa, har ana nuna ni ga sauran matan gida.

Bai kai arba'in ba. Zazzaɓi ya kama mu tare, ni na tashi, shi bai tashi ba. Ina kwance aka fita da shi, aka rufe shi a bayan gida kamar yadda ake yi wa jarirai. Ban yi kuka ba. Ban tambayi inda aka sa shi ba, kunya ba ta bar ni ba. Bayan kwana uku surukuwata tana ba ni kunun kanwa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Kwabon na tura shi a ƙasa wajen kansa, don a gane wurin." Ta buɗe mini ƙofa ke nan, da na ce a ina, da ta kai ni. Na ce mata kunun ya yi zafi.

Damina biyu bayan haka ruwa ya ci ƙauyen, muka taso. Surukuwata ta rasu, mijina ya rasu. Babu wanda ya rage da ya san wurin.

Na dubi mai na'urar na ce, "Daga wane rami ka ciro wannan?"

Ya yi dariya. "Hajiya, ramuka nawa na tona? Duk wanda na samu a gwangwani nake jefawa."

"Gabas da tsohuwar rijiya ko yamma?"

"Ban ga rijiya ba."

"Akwai kututturen kuka?"

"Fili ne fetal. Kuma mai gona ya ce in cike ramukan, na cike. Ya ma yi huɗa tun makon jiya."

"Ka tuna dai."

Ya daina dariya. Matar autana ta ajiye faifan shinkafa. Autana ya ce, "Inna, lafiya? Kwabon waye?"

Shekarun nan duka ban taɓa faɗa wa kowa ba. Sai na ce, "Na yayanka ne." Bai taɓa sanin yana da wa namiji ba. Jikata ta dubi ruwan tsamiyar da ta wanke shi a ciki, ta ce, "Kaka, akwai wani abu baƙi a hujin, kamar zare. Na kankare." Ta fara kuka. Na ce ta yi shiru, ba ita ta yi laifi ba. Mai na'urar yana ta ba ni haƙuri, shi ma na ce ya tashi. Alamar ta zauna inda aka sa ta tana jirana, ni ce ban je ba.

Washegari da na idar da sallar asuba, na ƙulle kwabon a bakin zane, na tafi tasha ban tashi kowa ba. Na shiga motar Nguru, daga can na hau mashin zuwa kufan. Kunyoyin huɗa ne a jere har iyakar gani, gero ya fara tsirowa. Na bi su ina duban ƙasa har rana ta ɗaga, ban ga komai ba. Na tsaya inda zuciyata ta ce nan ɗakina yake, na ƙara taku kaɗan zuwa baya, na tsuguna na tura kwabon da babban yatsa har ya ɓace. Ban san ko kusa ne ko nesa ba. Na duba, babu kowa. Sai na kira sunansa.