Kiwon Tsaka a Lamorde

Dauloli ba sa rushewa saboda yaƙi ko fari. Suna rushewa ne daga ranar da mutum ya bar wa ɗan'uwansa ajiya, ya dawo bai same ta ba. Na karanta tarihi gwargwadon abin da ɗakin littattafan lise, wato makarantar sakandare, ya ba ni dama, ban ci karo da abin da ya ƙaryata wannan ba. Amma in kana neman wurin da aka yi wa riƙon amana gwaji mafi tsanani, ba sai ka je fadar kowa ba. A bangon ɗakin girkinmu aka yi shi, a unguwar Lamorde, kuma a kan tsaka.

Warin jan farce ne ke dawo mini da zancen. Kwanan baya ɗiyata ta buɗe kwalbarsa a tsakar gida, ban san lokacin da na ɗaga kai na duba bango ba.

Gidanmu gidan Damagarawa ne da aiki ya kawo Yamai. Baba ma'aikacin gwamnati ne, mai zuwa buro, wato ofis, da jaka, mai karanta jarida har tallace-tallacen cikinta. Amma gidan na Kaka ne, mahaifiyarsa, ko da yake ba sunanta ke kan takardar fili ba. Kaka ta tashi a gidan mai masaukin fatake, kuma abu ɗaya take alfahari da shi a duniya: ba a taɓa barin ajiya a hannunta ta ɓata ba. 'Yan kasuwar Katako masu tafiya gida sukan kawo mata ƙunshi, direbobi su bar akwati, mata su bar sarƙa in za su aikin Hajji. Tana da labarin wani bafatake da ya bar mata akuya ɗaya, ya ɓace shekaru, ya dawo ta miƙa masa garke. Mun ji labarin nan har mun san launin kowace akuya.

Maƙiyinta kuma ɗaya ne, tsaka. A wurin Kaka, in tsaka ta faɗa cikin abinci kuturta ce, in ta bi ta kan tufa cuta ce, kashe ta kuwa lada ne. Takalmin robarta na ƙafar dama ya fi na hagu suɗewa saboda wannan aikin. Ba ta cika kuskure ba.

Ina aji na huɗu a lakwal, wato firamare, farkon damina, aka kawo mana Baƙuwa. Wata jami'a ce ta ƙasar waje ke turo ɗalibanta su yi 'yan watanni a Yamai, su karanta halittun ƙasashe masu zafi, su kuma koyi al'adun mutanen wurin. Da safe suna aji a jami'ar da ke bayan unguwarmu, da maraice a rarraba su gidajen mutane, don a nan ne al'adun suke. Wani abokin Baba da ke koyarwa a can shi ya roƙa a sauki ɗaya. Baba ya sayo cokula masu yatsu dominta. Ita kuwa ranar farko ta wanke hannu ta zauna kan tabarma ta ci tuwo, miya na bin gwiwar hannunta, cokulan suka koma cikin kwali.

Doguwa ce, hancinta kullum a saɓule saboda rana. Hausarta ta aji ce, gaisuwa zalla. Takan gaida Kaka da kwana, da gajiya, da aiki, da damina, da iyali, a jere, ba ta jiran amsa. Kaka ta so ta tun ranar, ta ce yarinyar da ke durƙusawa ta gaida tsofaffi an haife ta a gidan mutane, ko da a bayan teku ne.

Kowane ɗalibi sai ya zaɓi wata halitta ya yi bincike a kanta, kuma makin darasin duka a kan binciken yake. Abokanta sun zaɓi tsuntsayen bakin kogi, wani ya zaɓi dorina, bai ƙara komawa kusa da ita ba. Baƙuwa ta zaɓi abin da ke kusa, tsakar bangon gidanmu. Bayan magariba, in an kunna ƙwan lantarki, takan zo da gwangwani da ƙyalle, ta kama tsaka, ta ɗiga mata jan farce a gadon baya, ta sake ta.

Yanzu da ni ma nake koyar da wannan ilimin na san dabarar, kuma mai sauƙi ce. Ka kama wasu ka sa musu alama ka sake su. Bayan 'yan kwanaki ka sake kamawa. Yawan masu alama a cikin marasa alama shi zai gaya maka adadin da ke gidan gaba ɗaya. Sharaɗin ɗaya ne: tsakanin kamu biyun, kada kowa ya taɓa komai.

Wani maraice Kaka ta ɗaga takalmi, sai ta ga jan ɗigo a bayan abin da za ta buga. Ta tsaya da hannu a sama, ta aika a kira Baba. Baba ya gyara tabarau ya fara bayani, ya ambaci kimiyya, ya ambaci ci gaban ƙasa. Kaka ta bari ya kai inda zai numfasa.

"Wa ya sa alamar?"

"Baƙuwa ce, Hajiya."

"To, nata ne."

Ta mayar da takalmi ƙafa. A inda Kaka ta fito, kazar da aka ɗaura wa zare a ƙafa tana da mai ita, akuyar da aka tsaga wa kunne tana da mai ita. Ba a sa wa dabba alama don wasa. Abin da baƙo yake so da dabbarsa kuwa ba aikin mai masauki ba ne ya tambaya. Kaka ta taɓa saukar mutumin da ke fataucin kunama.

Ba a jima ba aka kwashi ɗaliban zuwa dajin kudu, su ga itatuwa da namun dawa. Tafiyar mako guda ce. Baƙuwa ta durƙusa gaban Kaka ta yi sallama, ta ce in ta dawo za ta ƙidaya su. Kaka ta tambayi nawa ne masu alamar, ta jefa ƙwallon dabino ɗaya-ɗaya cikin tasa daidai adadin, ta rufe da faifai. Baƙuwa ta juya ga Baba ta roƙe shi da Faransanci cewa kada a yi musu komai, a bar su yadda suke. Baba ya fassara daidai, ban zarge shi ba. Kaka ta gyaɗa kai, ta ce ai haka duk mai tarbiyya yake faɗa in zai bar ajiya, kada a wahalar da kai. Ba a taɓa jin mai masaukin kirki ya ɗauki wannan maganar da gaske ba.

Tun kafin ƙurar motarsu ta kwanta aka soma. Muzurun gida, mai cin tsaka, aka sa shi a buhu aka kai gidan gwaggo a Harobanda. Shafen farar ƙasa da Inna, mahaifiyarmu, ta shirya saboda Sallah aka ɗage. Ƙwan lantarkin ɗakin girki, wanda Kaka ke kashewa da zarar an kwashe tuwo, aka bar shi yana ci don ya tara ƙwari. In an ɗauke wuta a kunna fitilar ƙwai a rataye a ƙusa. Bayan ruwan sama, in shinge, ƙwarin nan masu fiffike, ya tashi, mu yara mu tara shi a kwano mu zuba a gindin bango. Kaka ta je wurin malamin unguwa ta tambaye shi wanne ya fi nauyi, ladan kashe tsaka ko zunubin cin amana. Malam ya ce a karatunsa bai taɓa cin karo da su a shafi ɗaya ba, amma amana ta fi.

Unguwa ta ji. Furar da Kaka ke rabawa ranar Juma'a ta fara dawowa yadda ta tafi, da godiya mai yawa. Matan da ke shigowa hira suka koma gaisuwa daga bakin zaure. Tsohuwar maƙwabciyarmu, Bazabarma, abokiyar tsokanar Kaka tun zuwanmu unguwar, takan leƙo ta katanga da safe.

"Hajiya, ina kwana. Yaya kiwo? An fara tatsa?"

"Lafiya lau. In kin mutu ki bar mini jikokinki, su ma zan riƙe su, ba su fi waɗannan kyau ba."

Tana amsawa da dariya, amma na ga yadda take kallon kwanon furar da ya dawo. Ta daina cin abincin da aka dafa a ɗakin girkin, ta sa aka kafa mata murhu a can ƙarshen gida. Duk da haka kowane maraice takan zauna nesa da bango, mayafi a baki, tana matsar da ƙwallon dabino daga tasa zuwa faifai.

Mako ya cika Baƙuwa ba ta dawo ba. Ruwa ya cinye hanyar daji, aka aiko cewa sai ƙasa ta tsane. A cikin waɗannan kwanakin ne ƙwallayen suka fara ragowa a tasa. Yau ɗaya, gobe biyu. Tsaka na nan cike da bango, sun yi ƙiba har suna tafiya da nauyi, amma masu jan ɗigo sai raguwa suke. Babu wanda ya san cewa tsaka tana saɓa kamar maciji, alamar ta tafi da tsohuwar fata. Ko an sani ma, ban ga abin da zai sake ba. Kaka ta daina ba da labarin akuya. Wata safiya na same ta da sanda tana tona bayan randa, tana neman gawa, don ko gawa a wurinta hujja ce da za a nuna wa mai kaya.

Hukuncin ajiyar da ta ɓata sananne ne: mai riƙo ya biya daga nasa. Marasa alama kuwa na gidan ne, wato na Kaka. Ta aiki Inna Katako da wani ɓawo da muka tsinta mai ɗigo a jiki, ta ce a samo jan farce irin wannan sak, ba mai ruwan goro ba. Ni da yayana muka kama marasa alama da gwangwani muka ɗiga musu yadda muka ga ana yi, Kaka na tsaye daga nesa tana nuni da sanda, tana karanta duk abin da ta haddace na neman tsari. In mun gama ta wanke mana hannu da toka da sabulu har fata ta yi zafi. Tasa ta koma daidai.

Da an tsaya nan da sauƙi. Sai ƙanana suka fara fitowa, kamar tsinken ashana, masu haske. Kaka ta ce ɗan dabbar ajiya na mai uwar ne, tun da ba a san uwar kowa ba kuma, shakka tana bin mai kaya. Aka ɗiga musu. Bayan nan duk wadda ta ratso daga katangar maƙwabta ta ci ƙwarin gidanmu, ita ma ta shiga garke. Kafin hanya ta buɗu, babu tsaka ɗaya a gidan da ba ta da jan baya, kuma sai da aka ƙaro dabino.

Baƙuwa ta dawo da la'asar, ta rame, ƙafafunta duk cizon sauro. Ta yi gaisuwarta a jere. Kaka ta ce ta ci abinci tukuna. Bayan magariba ta sa aka shimfiɗa tabarma, aka kunna ƙwan lantarki, ta ajiye tasa biyu gaban Baƙuwa, ɗaya uwar ajiya, ɗaya riba. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Bango ya cika da jajayen ɗigo, manya da ƙanana, kamar atamfa.

Baƙuwa ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta matsa kusa, ta bi bangon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tana neman ko ɗaya mara alama. Sannan ta zauna a ƙasa, ba kan tabarma ba, ta yi wa Baba magana da Faransanci a hankali. Na riga na fara jin harshen. Ta ce masu alama sun fi waɗanda ta sa wa alama yawa, babu lissafin da zai karɓi wannan, kuma kwanakin da suka rage mata ba za su isa a sake daga fari ba. Ta tambayi ina muzuru. Idanunta sun kawo ruwa.

Kaka ta dubi Baba. "Me ta ce?"

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Mutum ne da ke gyara wa mai karanta labarai nahawu daga kan kujerarsa, ban taɓa ganin ya rasa kalma ba sai ranar.

"Ta ce, Hajiya, tun da take ba ta taɓa ganin an riƙe abu haka ba."

Wannan ma gaskiya ne. Kaka ta ce wa Baƙuwa ba komai, ta daina kuka, aikin mai masauki ne. Ta faɗa da ƙarfin da zai kai katanga. Baƙuwa ta dubi tsohuwar, ta dubi tasoshin, ta durƙusa ta ce ta gode, Allah ya saka da alheri. A ajin al'adu an koya musu wannan, kuma a ganina a nan ta ci jarrabawar.

Ranar tafiyarta Kaka ta tambaye ta a me za ta ɗauki dabbobinta. Ta ce ta bar wa Kaka su kyauta. Kaka ta yi godiya yadda ya kamata, ta sa albarka, ta raka ta har bakin titi, ta ba ta ƙunshin kilishi da turaren wuta. Kyauta kuwa mai ita ke da iko da ita. Muna shigowa zaure ta tuɓe takalmin dama. Juma'ar da ta biyo baya kwanukan fura suka dawo a wanke.

Yanzu ina koyar da ilimin halittu a wani kolej a Harobanda. Kowace shekara nakan zana dabarar alama a allo, in ja layi biyu ƙarƙashin sharaɗin, yara su kwafa ba tare da sun tambayi dalilin layin ba. Ɗaliban ƙasashen waje sun daina zuwa kamar da. 'Yan kasuwa sun daina kawo ƙunshi, kowa ajiyarsa na cikin wayarsa. An rushe ɗakin girkin an yi na siminti, tsaka ta koma bayan firji. Kaka ta rasu da sunanta cikakke. A zaman makokinta ba labarin akuya aka bayar ba. Maƙwabciyar nan ce, da sandarta, ta gaya wa mata cewa ta ga matar da aka bar wa abin da ta fi ƙi a duniya, ta mayar da shi da riba, kuma har yau a Lamorde in ana zancen amana wannan ake kawowa.

Baƙuwa kuwa, abokin Baba ya gaya mana daga baya, ta faɗi darasin.