Zoben da Aka Zana Sau Biyu

Maigidana maƙerin azurfa ne, kuma a duk unguwarmu ta tsohon garin Agadas babu wanda ya kai shi zane. Wasu sun fi shi zubi, wannan ba na musu, amma in aka zo ga jan layi a bayan zobe da ɗan ƙarfen nan mai tsini, sai dai a sara masa. Ba mu da gona, ba mu da raƙumi. Hannunsa muke ci.

A shekarar da aka sauke tutar Faransa, wani Banasare da ya saba sayen zobba a wurinsa ya zo yin sallama, ya bar masa wani ƙaton gwangwani cike da baƙin gari mai ƙamshi. Ya ce sunansa kafe. Bai faɗi yadda ake dafa shi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Wa zai koya wa ɗan Agadas ɗora buta a wuta?

Sai maigidan ya yi masa dahuwar shayi. Ya zuba tafi guda a buta, ya fasa sukari da gindin finjali, ya bar shi a kan gawayi har ya yi kauri, ya tsiyayo daga sama don ya yi kumfa. Shayi kuwa zubi uku ne, ba a rage shi. Da ya ga zubi na biyu ya fito salam kamar ruwan wankin ƙwarya, sai ya riƙa ƙara sabon gari a kowane zubi. Ga shi a al'adarmu mai gida ba ya miƙa wa baƙo finjali shi ya zauna hannu sake. Madugu ya dawo daga Bilma, a sha uku. Mai kawo gyaran mundaye ya zo, a sha uku. Kowane baƙo ya sha nasa ya tafi, shi kuwa yana zaune yana shan na kowa. Da gwangwanin ya ƙare, ya gano wani Balarabe a kasuwa da ke kawo shi.

Barci ne ya fara gudunsa. Sai faɗa, mutumin da a da ko akuya ba ya yi wa tsawa. Sai ya ce ƙirjinsa na bugawa kamar ana daka a ciki. Daga baya abin ya sauko hannu. Ranar da ya ɓata wani abin wuya da ya kwana huɗu yana aikinsa, na ga ya zauna yana kallon yatsunsa suna rawa, kamar na wani ne aka ara masa.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, wanzami ya yi ƙaho. Surukata ta ce bakin mutane ne. Shi ya ce tsufa ne, alhali ko furfura goma bai tara ba. Babu wanda ya zargi kafe, don in jikinsa ya mutu shi yake sha ya farfaɗo. Ana gobe azumi ya ce mini bayan Sallah zai miƙa wa ƙanensa kayan zanen, shi ya koma hura zugazugi. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka, rabi don tsoro, rabi don haushi.

Kwana ukun farko na azumi ciwon kai ya kama shi, ya ɗaure goshi da rawani yana nishi. Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Wata la'asar ina kallonsa yana alwala, sai na lura butar ba ta karkarwa a hannunsa. Bayan shan ruwa ya sha ukunsa, kafin sallar isha'i finjali na kaɗawa a yatsunsa. Washegari haka, jibi ma haka.

Sai na ce bari in gwada da kaina. Na dafa, na sha uku cif, na zauna jiran hannuna ya yi rawa. Barci na yi har na kusa makara sahur. Wannan ya ɗaure mini kai, har na fara cewa ko na ɗora wa kafe laifin da ba nasa ba. Na ba wata maƙwabciyata finjali ɗaya tak, da safe ta aiko a ce mini ko rintsawa ba ta yi ba, in ba gaba nake da ita ba kar in sake. Daga nan na gane abin yana zaɓen mutanensa. Yadda yake zaɓen ne har yau ban sani ba, kuma ina so in sani.

Na san in na faɗa masa da baki zai ce zancen mata ne. Ranar ashirin ga wata, da la'asar, na cire zoben azurfa marar zane da ke yatsana na kai masa maƙera.

"Maigida, kafin ka ba da kayan, ka zana mini wanga."

"Ke, so kike in ɓata miki shi?"

"Nawa ne. In ya ɓaci ni ya ɓata wa."

Ya karɓa yana ƙunƙuni. Ya ja layi na farko, ya tsaya. Ya ja na biyu. Sun fito a miƙe kamar na shekarun baya.

"Albarkar watan ce," in ji shi.

"Haka ne. To tsaya nan, ka bar rabin sai bayan Sallah."

Kashegarin Sallah ƙanen nasa ya zo da hantsi, da jakar fata da zai kwashi kayan. Ni da kaina na ɗora buta, na yi musu dahuwa irin tasa, zubi uku, kowane da sabon gari. Na bari aka taɓa hira, sannan na miƙa zoben. Ya dafa shi a gwiwa, ya ɗora ƙarfe. Layin ya tafi a karkace, ya ƙetare wanda ke gefensa. Ya sake, ya sake karkacewa.

Ya juya zoben ya dubi rabin azumi, ya juya ya dubi rabin yau. Ya dubi butar. Sannan ya dube ni, ya daɗe, ni kuwa na sunkuyar da kai ina gyara gawayin da ba ya bukatar gyara.

"Tashi ka tafi da jakarka," ya ce wa ƙanensa. "Ban gama da su ba."

Ya koma shayi, shi ma mai sauƙi, kuma hannun ya dawo kafin damina. Daga baya wani ma'aikacin asibiti ya ji labarin, ya yi dariya har da hawaye, ya ce Nasara finjali ɗaya ko biyu suke sha, kuma tacewa suke yi, ba sa tafasa shi har ya yi kauri. Sauran garin kafen ni na gaje shi. Kullum da safe in na ɗora, sai ya matso kusa ya shaƙi ƙamshin, ya ce duniya ba adalci. Shekara ashirin da wani abu ya ƙara yana zane, har Allah ya karɓi abinsa.

Zoben yana yatsana. Jikokina sun sha cewa in kawo su kai a goge karkataccen rabin a sake zana shi. Na ce musu wannan rabin shi ya ciyar da iyayensu, kowa ya bar mini shi yadda yake.